Murhun gwangwanina yana mutuwa da na ɗora tukunya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah wanda ya taɓa haɗa murhun gwangwani mai cin ƙirare ya taimaka min, yau kwana biyar ke nan abin ya ƙi min.

Lokacin girbi nakan kwana a gona, shi ya sa nake son ɗan murhun da zan riƙa dafa shayi da taliya ba tare da na kafa duwatsu ba. Na samu gwangwanin fenti na lita 4, na ƙona shi har fentin ya fita tas, na zura babban gwangwanin tumatir a ciki. Na waje na huda masa ramuka 8 a gindi da ƙusa mai inci 4. Na ciki kuwa na huhhuda ƙasansa kamar rariya, na ƙara jerin ramuka kusa da baki, don iskar da ta yi zafi tsakanin gwangwanayen biyu ta fito ta cinye hayaƙin.

In na cika shi da busassun ƙirare na kunna daga sama, wuta takan kama da kyau, har ina ganin ƙananan harsuna suna fitowa ta ramukan saman. Amma da na ɗora tukunya, ko minti biyu ba a yi sai ta mutu, farin hayaƙi ya turnuƙe har idona ya yi ja. Na gwada totuwar masara, duk ɗaya.

Tukunyar a bakin gwangwanin take zaune daram. Shin ita ce ke toshe wutar? In haka ne, tazarar santimita nawa zan bari? Ko ramukan gindin ne suka yi ƙanana? Saura mako biyu mu fara yankan dawa. Allah ya saka da alheri.