Me za mu kira aikin da Cafu ya yi a fili?

'Yan'uwa masu son ƙwallo, na roƙe ku ku taya ni neman sunan Hausa na gurbin da Cafu ya riƙe a fili, kun kuwa turo shawarwari. Ga yadda abin ya faro. Na zauna zan rubuta taƙaitaccen tarihin ƙungiyoyin da Cafu ya yi wa wasa, sai na maƙale a jimlar farko. Na rubuta "mai tsaron baya ɗan ƙasar Birazil", na tsaya ina kallonta, raina bai kwanta ba. Yaron da bai taɓa ganin Cafu ba, idan ya karanta haka, zai ɗauka irin su Thiago Silva ne ko Lúcio, mutum tsaye a gaban gola yana jiran ɗan gaba. Alhali Cafu rabin rayuwarsa a gidan abokan hamayya ya yi ta.

A Birazil ba su da wannan matsalar. Na tsakiya sunansa zagueiro, na gefe kuma lateral. Faransanci ma yana da latéral, shi ya sa 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram ba sa jin ƙaiƙayin abin kamar mu. Turawan Ingila suna da full-back, na gefe idan mutum huɗu ne a baya, da wing-back, na gefe idan uku ne. Mu kuwa duk mun zuba su a buhu ɗaya, masu tsaron baya.

Ga abin da ya sa na ce buhun ya yi kaɗan. A São Paulo ɗan tsakiya ne shi tun asali, koci Telê Santana ya mayar da shi gefen dama na baya, kuma bai raba shi da halinsa na hawa gaba ba. Da wannan ƙungiyar ya ci kofin Libertadores, na zakarun Kudancin Amurka, a 1992 da 1993, suka je Tokiyo wasan zakarun nahiyoyi suka doke Barcelona da ci 2 da 1, shekara ta zagayo suka doke Milan da ci 3 da 2. Ya ɗan leƙa Zaragoza a Sifaniya a 1995, ya koma gida, ya zauna a Palmeiras har 1997, sannan Roma ta ɗauke shi.

A Roma ne zancen namu yake. Magoya baya suka laƙaba masa Pendolino, sunan wani jirgin ƙasa mai gudu na Italiya, saboda yadda yake hawa da sauka a kan layi ba ya gajiya. A kakar 2000/2001 koci Fabio Capello yana ajiye mutum uku a baya, Samuel da Zago da Zebina, ya sakar wa Cafu gefen dama gaba ɗaya, Candela kuma gefen hagu. Daga tutar kwana zuwa tutar kwana duk gonarsa ce. Duk wanda ya ga wasan hamayyarsu da Lazio na wannan kakar yana tuna yadda ya riƙa ɗaga ƙwallo ta saman kan Nedvěd na Lazio sau bayan sau, ba ta taɓa ƙasa ba. Suka ɗauki kofin Seriya A, wanda rabon Roma da shi tun 1983. To don Allah, mutumin nan "tsaron baya" kaɗai yake yi?

Na ga shawarwarinku, na gode ƙwarai.

Da yawa sun ce a bar shi a lamba biyu da lamba uku, kamar yadda muke faɗa a filin unguwa. Ni ma da shi na tashi, kuma a baka yana aiki. A rubuce ne yake ba da ruwa. Roberto Carlos lamba 3 yake sawa a Real Madrid, amma a tawagar Birazil lamba 6 ce a bayansa, don a can mai gefen hagu shida ake ba shi. Ka rubuta "lamba shida", Bahaushe ya kai shi tsakiyar fili. Yanzu kuma da yara ke yawo da 66 da 22 a baya, lamba ta daina nuna gurbi.

"Ɗan gefe" an riga an ba mai kai hari ta gefe, ba za mu ƙwace masa ba. "Mai tsaron baya na gefen dama" daidai ne, sai dai kafin mai sharhi a rediyo ya gama furta shi an ci ƙwallo. Wani ya kawo "ɗan kai-komo". Na so shi da farko, amma babu tsaro a cikinsa, ɗan aike ma kai-komo yake yi.

Wani dattijo a cikinmu, da ya ce ya yi ƙwallo a zamanin samartakarsa, shi ya kawo wadda ta tsaya min a rai: ɗan sintiri. Baba, Allah ya ƙara girma. Ina karantawa na tuna mai gadin layinmu na dare. Da tocila a hannu ɗaya, gora a ɗaya, yakan taso daga bakin masallaci ya je har ƙarshen layi inda kwata ta yanke, ya haska lungu, ya juyo. Ba ya zama, kuma duk nisan da ya yi hankalinsa na kan ƙofar da ya baro. Aikinsa tsaro ne, amma da ƙafa yake yinsa. Wannan shi ne Cafu. Kalma ɗaya ta ɗauko gadi, ta ɗauko zirga-zirga, ta ɗauko layi.

An yi ƙorafi biyu, kuma duka suna da ƙarfi. Na farko, 'yan sintiri a kunnen mutane yau su ne masu tsaron gari na sa-kai, kuma a wuraren da ake fama da rashin tsaro kalmar tana da nauyi. Gaskiya ne, ban raina wannan ba. Amma mun daɗe muna cewa hari, da tsaro, da kai farmaki a ƙwallo, babu wanda ya rikice. Idan aka ce ɗan sintirin dama na Roma, an san inda aka dosa. Na biyu, wai sintiri ma daga Turanci aka aro ta. To ta kwana nawa a gidanmu? Uwa takan ce wa yaro ya daina yi mata sintiri a tsakar gida, ba ta san wani Bature ba.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce sai mun ƙirƙiro kalma biyu don Turanci yana da biyu. A 2003 Cafu ya koma Milan yana da shekara 33. Koci Carlo Ancelotti mutum huɗu yake jerawa a baya, a takarda gurbin Cafu ya sauya suna daga wing-back zuwa full-back, a fili kuwa hawa da saukarsa na nan. Ya ci Seriya A a 2004, yana cikin waɗanda suka fara wasan ƙarshe na kofin Zakarun Turai a Istanbul a 2005, ya samu kofin a 2007, ya ajiye takalmi a 2008 yana dab da cika 38. Aikin muke wa suna, ko mutum nawa koci ya jera. Wanda ke tsare gefensa ba ya cika hawa, a ce masa mai tsaron gefe. Wanda ke cin layin duka, ɗan sintiri, jam'i 'yan sintirin gefe.

Na gyara jimlar tawa: "Cafu, ɗan sintirin dama na São Paulo da Roma da Milan." Masu sharhi a rediyo da gidajen kallo, ku ɗanɗana ta a bakinku a wasannin ƙarshen makon nan, ku dawo ku gaya mana ko ta zauna.