Yaya ake saka jinkirin kash a lissafin wa'adin ayyuka?

Nasiru: Salamu alaikum injiniyoyi. Tsarin dai farosesar Cortex-M7 ce a kan 400MHz, kash ɗin bayanai (ƙaramar ma'adana mai sauri kusa da farosesa) 16KB, ayyuka uku masu tsayayyen fifiko: na sama, na tsakiya da na ƙasa. An auna WCET, wato mafi tsawon lokacin da aiki zai iya ɗauka, na kowane aiki shi kaɗai. Lissafi ya nuna aikin ƙasa zai gama cikin milisakan 11.5, wa'adinsa kuma 12 ne. Aikin sama yana zuwa duk milisakan ɗaya. Amma da aka kunna, na ƙasan yana ƙetare wa'adi jefi-jefi. A ina aka yi tuntuɓe?

Injiniya Hauwa: Wa alaikumus salam. Matsalar tana wajen "shi kaɗai" ɗin nan, Malam Nasiru. Duk sanda aikin sama ya katse na ƙasa, yakan kori layukan na ƙasan (gutsattsarin bayanan da ya ajiye) daga kash, in na ƙasan ya dawo sai ya sake ɗebo su daga babbar ma'adana. Wannan jinkirin shi ake kira CRPD, kuma awon da kuka yi bai gan shi ba.

Layin kash a M7 bayit 32 ne, wato layuka 512. Mu ƙaddara ɗebo layi ɗaya yana cin zagayen agogo 40, nanosakan 100 ke nan. In an share kash ɗin kakaf, mikirosakan 51.2 ne a kowace katsewa. Katsewa sau 12, ya haura mikirosakan 600, rararka kafin wa'adi kuwa mikirosakan 500 ce kacal. To a lissafin, duk inda ka saka lokacin aikin sama, ka ɗora masa kuɗin katsewar, ka maimaita har amsar ta daina motsi.

Bashir: Gaskiya ne, sai dai ɗaukar 512 gaba ɗaya zai sa ka yi watsi da tsarin da lafiyarsa ƙalau. Fitar da jeri biyu: layukan da aikin ƙasa zai sake nema bayan katsewa, su ne UCB, da waɗanda aikin sama yake taɓawa, su ne ECB. Inda suka haɗu kawai za ka biya. Kar ka manta da aikin tsakiya: in ya katse na ƙasa, na sama kuma ya katse shi, asarar layukansa ma a wuyan na ƙasa take.

Injiniya Hauwa: A yi hattara da haɗuwar nan, Malam Bashir. Kash ɗin bayanan M7 gurbi 4 ne a kowane rukuni, rukunai 128. A ƙarƙashin LRU, dokar korar layin da aka fi daɗewa ba a taɓa ba, baƙon layi ɗaya tak kan jawo sake ɗebo duka huɗun, kowanne ya shigo ya kori na gaba. Don haka a ƙirga duk UCB na rukunin da aka taɓa. In kuma dokar korar FIFO ce (wanda ya fara shiga shi ke fara fita) ko ta zaɓen bazata, wannan iyakar ma ba ta tsayawa, sai a duba littafin farosesar tukuna. Ga kuma ƙarin jinkirin layin da aka yi wa rubutu, wanda sai an mayar da shi ma'adana kafin a kore shi.

Usman: Hanya mafi sauƙi a M7 ita ce a kwashe umarnan (code) aikin sama zuwa ITCM, bayanansa zuwa DTCM, ma'adanai masu sauri da ke manne da farosesa, tunda ba sa bi ta kash. ECB ɗinsa zai kusa zama sifili. Sannan a sake awo da CYCCNT na DWT, ma'ƙirgin zagayen agogo da ke cikin farosesar, ana share kash ɗin da gangan a tsakiyar aikin ƙasa. Tarin wucin-gadin (stack) aikin saman ma a kai shi DTCM, shi aka fi mantawa.