Dayod ɗin da na sa yana ta ƙonewa, a taimaka

Assalamu alaikum manyana. Talabijin ɗin surukina ce, shi da kansa ya ɗauko ta a Keke Napep tun daga Ƙofar Marusa ya ce ba ya son kowa ya taɓa ta sai ni, ga ogana ya tafi Umara, ni kuma shekarata uku kacal a aikin nan. Na buɗe na tarar wani dayod (ɗan abin da ke barin wuta ta wuce ta gefe ɗaya kawai) a ɓangaren wuta ya yi baƙi, lambarsa ta goge. Na sa sabon dayod mai lamba 1N4007. Ta kama, hoto tas, bayan minti goma ya yi zafin da ba ya taɓuwa, ya mutu. Na biyu ya tafi har da MOSFET, tiransistan da ke kunna wuta yana kashewa. Tun jiya nake ɓoye wa kiran Baba. Ina mafita?

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Gaban tiransifoma yake ko bayanta? Bolt nawa ne a wurin?

Injiniya: Ba sai an tambaya ba, bayanta yake. Ɗana, 1N4007 na wutar NEPA ne mai juyawa sau 50 a daƙiƙa. Tiransifomar nan kuwa tana kunnuwa tana kashewa sau dubbai masu yawa. In wuta ta juya, dayod ba ya rufewa nan take, sai ya ɗan bar ta ta koma baya. A 50kHz (sau dubu 50 a daƙiƙa) zagaye ɗaya maikrosakan 20 ne kawai (maikrosakan ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa ne), shi kuma 4007 sai ya cinye maikrosakan biyu ko fiye kafin ya rufe. Zafin daga nan yake, kuma shi ya ja MOSFET ɗinka. Dayod FR107 yana rufewa cikin nanosakan 500, wato rabin maikrosakan, UF4007 cikin nanosakan 75. Nemi UF.

Mai tambaya: Amma Injiniya na auna da mita, 4007 ɗin lafiya lau yake, kusan bolt 0.55. Kuma da shi da UF ɗin duka amfiya 1 ne, bolt 1000. Ogana ma yana sa 4007.

Injiniya: Mita ba ta auna saurin rufewa. Oganka a bakin shigar wuta yake sa shi.

Abban Khadija: Ku bar zancen lamba. Kayan yanzu ne ba su da kyau. Na sayi dayod MUR460 guda goma, ƙafafunsu sirara kamar tsintsiya, uku suka fashe a inbata ɗaya. Mai shagon ya ce hannuna ne. Har yau ban huce ba wallahi.

Malam Sani: Ni dai UF4007 bai kwanta mini ba. In layin bolt 12 ne mai jan wuta, amfiya 1 ba za ta ɗauka ba, dayod nau'in Schottky ake sawa saboda bolt ɗin da yake ci a kansa bai kai na sauran ba, shi ya sa ba ya zafi sosai. Dubi faɗin ramin ƙafar tsohon.

Injiniya: In ya sa Schottky mai bolt 40 a layin da ya wuce haka fa? Ya ƙara ɓarna.

Ɗan Daura: Haɗa 4007 biyu gefe da gefe kawai.

Injiniya: Biyu marasa sauri ba sa zama mai sauri.

Mai tambaya: Tsohon na jefar da shi, amma ya ɗan fi 4007 kauri. Ni ina ganin wutar layinmu ce ke hawa da sauka, ranar ma ta ƙona wa maƙwabcina caja. Bari in gwada da janareto tukuna.

Malam Sani: Har yanzu ba ka gaya mana bolt nawa ba ne.