Musayar waƙa: yawon bakin teku

Mai Sanda:
Masu shirin yawo a bakin teku,
Jadawalin cikar ruwa ku sa a jakarku,
Ku fita yana janyewa, ya ba ku hanyarku,
Awa shida ya juyo, ya shafe sawunku.

'Yar Gaɓa:
Baba ka ce shida, ka rage bayani,
Minti 50 yake makara kowane wuni,
Tsayuwar wata da daren sha huɗu, ka ji ni,
Nan yake cinye yashi har gindin tsauni.

Ɗan Kallo: Allah ya ja zamaninki! Baba ya sha ƙasa.

Mai Sanda:
'Yata ta iya lissafi, ba ta san ruwa ba,
Hawansa ba daidai yake tafe ba,
Awa ta uku da ta huɗu ba ki faɗa ba,
Rabin cikar nan take, ba da sallama ba,
Na lungun dutse kan waiga bai ga hanya ba.

Mai Awo: Baba, ɗango na biyu ya gaza na farko da gaɓa uku. Amsa-amo da "ba" sau biyar kuma ai arha ce.

Ɗan Kallo: Malam, muna gaɓar teku kana ƙirga gaɓar kalma?

Mai Awo: Ɗazu kai ka ce ya sha ƙasa. Kawo baiti ɗaya naka mu auna.

Ɗan Kallo: Ni tafi na zo yi.

'Yar Gaɓa:
Inda raƙuman ruwa suka bar wata kafa,
Ya yi duhu, ya kwanta lumui, ba kumfa,
Nan yake ja zuwa ciki, kar ka sa ƙafa,
In ya ɗauke ka yi iyo ta gefe, kar ka ja da shi fa.
Jar tuta kuma hani ce, Baba, ba ado ba.

Mai Sanda:
Bar ruwa 'yata, mu hau tudu don hange,
A yashi kilomita 5 ce iyakar hange,
A tudun mita 100 ta haura 30, amma bi shinge,
Bayan ruwan sama bakin gaɓa kan zabge.

Mai Awo: "Hange" sau biyu. Na yi shiru.

'Yar Gaɓa:
Wanda ya sa silifa ya nufi jiƙaƙƙen dutse,
Gansakuka na jira tafiyarsa ta katse.

Mai Awo: Wannan kam ya zauna. Ina sauran ɗango biyun?