Me za mu kira "major" da Hausa? Ni dai na fi son "tsayar da fanni"

Jama'a, ku taya ni duba wannan. 'Yar yayana tana shekara ta biyu a wata jami'a a Amurka. Makon jiya ta kira gida ta ce lokacin "declaring major" ya yi. Nan take hankalin Yaya ya tashi: ashe duk tsawon wannan lokaci yarinyar nan ba ta san abin da take karantawa ba? Da aka ce in yi masa bayani, sai na ga kalma ce ta yi mana ƙaranci.

Laifin ba na Yaya ba ne. Mu a nan, tun wajen cike fom ɗin JAMB ake zaɓar kwas, da shi ake shiga jami'a. A can kuwa jami'o'i da yawa suna karɓar ɗalibi bai zaɓi komai ba. Zai ɗanɗana lissafi, tarihi, kimiyya, sai wajen ƙarshen shekara ta biyu ya sanar a rubuce inda zai zurfafa. A jami'ar Habad (Harvard) ta Amurka, shugabanta Lowell ne ya kawo wannan tsari a 1910, bayan shekaru ana barin ɗalibai su tsinci darussa yadda suka ga dama.

"Kwas" ba za ta yi ba, don da ita muke kiran darasi guda, da ita muke kiran digirin gaba ɗaya. Aro ma ba zai yiwu ba, sojoji sun riga mu da "Manjo". Saura "fanni". Babban fanni shi ne "major", ƙaramin fanni "minor". Wannan ya zauna daram.

Inda na daɗe ina juyawa shi ne aikatau ɗin. Wani malami ya ba ni "ayyana", amma ita ta fi kama da sanarwar hukumar zaɓe. "Zaɓa" kuma ta yi sauƙi, ba ta nuna an ɗaure magana. Sai na tuna yadda iyaye ke ce wa budurwa mai manema da yawa ta tsayar da mutum ɗaya. Ana tsayar da rana, ana tsayar da magana. Duk akwai dogon nazari kafin nan, akwai shaidu, kuma idan dole ta kama ana iya warwarewa, kamar yadda ɗalibi ke iya sauya fanni daga baya. Da na ce wa Yaya "za ta tsayar da fanni ne", bai sake tambaya ba, sai addu'a.

Shi kuma "academic advisor", wanda ke zama da ɗalibi ya duba darussan da suka rage masa kafin ya kammala, na fi son "jagoran karatu" a kan "mai ba da shawara". Shawara kowa na bayarwa, jagora kuwa ya san hanya.

Wadda ta gagare ni ita ce "honors". Don Allah kada a ce "girmamawa". Ba kuma matakin sakamakon digiri ba ne irin namu. Shiri ne na musamman mai ƙananan azuzuwa da kundin bincike a ƙarshe, irin wanda Aydelotte, shugaban kwalejin Swarthmore ta Amurka, ya fara a kwalejin a 1922, yana koyi da jami'ar Okusfod ta Ingila. Na rubuta "shirin haziƙai", amma ina jin kamar yana rage wa sauran ɗalibai daraja. Malaman Hausa na Bayero da Zariya da Sakkwato, me kuka gani?