Me za mu kira "metamofik" da Hausa?

Malaman jogirafi na Kano, ku matso. Turawa sun kasa duwatsu gida uku: wanda ya daskare daga narkakken dutse, wanda ya taru daga laka da yashi, sai na ukun da suke kira metamofik. Wannan na ukun ne har yau kowane malami da sunan da yake ba shi a aji.

Kalmar daga Girkanci take, ma'anarta sauya kama, kuma Charles Lyell ne ya shigo da ita ilimin duwatsu a 1833. Dutse ne da ya nutse can cikin ƙasa, zafi da danniya suka yi masa aiki har ƙwayoyinsa suka sake tsari, amma bai narke ba. Ku riƙe wannan "bai narke ba" ɗin, don da shi za mu tace sunayen da aka kawo shawara.

Wani ya kawo "narkakken dutse". Wannan sunan ya faɗi tun a nan, tunda dutsen bai narke ba. Wata malama daga Gwale ta ce "gasasshen dutse". Hajiya, ya yi daɗin baki, sai dai ya ɗauki zafi ya bar danniya, alhali danniyar ce ke jera ma'adanai layi-layi, fari da baƙi, har da lanƙwasa, irin wanda ake gani a wasu duwatsun da ake fasawa a yi tsakuwa. Da wannan layin ake fara gane su.

Ni dai "rikiɗaɗɗen dutse" na zaɓa, jam'i "rikiɗaɗɗun duwatsu". Ban yarda da "dutse mai rikiɗa" ba, domin ba hawainiya ba ne, ya riga ya gama sauyawa. A kula da ɗ ɗin kuma, kar yaro ya rubuta "rikitaccen dutse".

Inda za a yi ɓatan kai shi ne mabul. Dutsen da ake yin siminti da shi ne ya rikiɗe ya zama mabul, ba shi da layi sosai, wuƙa na kartarsa, in an ɗiga masa asid sai ya yi kumfa. Masu Larabci kan so su ce masa marmara. To, marmara a wurinmu ita ce jar nan mai ramuka ta Dala da Goron Dutse, wadda ruwan sama da rana suka samar a saman ƙasa. Ba ta cikin wannan gida ko kaɗan.

Saura mai layi-layin nan da Turawa suke kira nais. Masu fasa dutse, da wane suna kuke kiransa a wurin aiki?