Ɗigon silika yana tsattsagewa in ya bushe, ina mafita?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina digiri na biyu ne, ina ɗiga ruwan Ludox, mai ƙwayoyin silika (sinadarin da ke cikin yashi) masu faɗin kusan nanomita 22 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), a kan gilashi don in samu shimfiɗa mai santsi. Da ya soma bushewa sai tsaga ta taso daga baki ta nufi tsakiya, kamar an yanyanka kankana, wani wurin har ya ɓamɓare. Sati uku ke nan ina fama, hunturun nan kuma ya ƙara dagula lamarin. Ko wankin gilashin ne ban iya ba?

Malamin fiziks: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Ba laifin wanki ba ne. Bakin ɗigon yana maƙale da gilashi, a can ruwa ya fi saurin ƙafewa, sai ruwan tsakiya ya riƙa kwasar ƙwayoyi yana tara su a baki. Abin da masanin fiziks Robert Deegan da abokan aikinsa suka bayyana ke nan a 1997 game da zoben da kofi ke bari. Idan ƙwayoyin suka cunkushe, ragowar ruwan da ke tsakaninsu sai ya riƙa matse su, kuma iya ƙanƙantar ƙwaya iya ƙarfin matsin. A irin naki, ya ninka nauyin iskar da ke kanmu fiye da sau 100. Shimfiɗar tana son tsukewa, gilashi ya riƙe ta ta ƙasa, dole ta tsage, tamkar lakar tafki da rani.

Tsohuwar ɗaliba: Ƙanwata, kauri ne matsalarki. Akwai kaurin da in ba a kai shi ba, tsaga ba ta fitowa. Ki tsinka ruwan sosai, ki sa siriri, ya bushe, ki ƙara wani a kai. Da cin lokaci, amma ni shi ya fisshe ni.

Mai kula da ɗakin gwaji: Malama, ki kifa kwano a kai da jiƙaƙƙiyar auduga a gefe, don ɗigon ya bushe a hankali. Ko ki zuba PVA kaɗan, wato wani sinadari mai danƙo da ke narkewa a ruwa, kamar yadda magina ke cuɗa ciyawa cikin ƙasar yaɓe.

Malamin fiziks: Rufewar tana rage taruwa a baki, amma in shimfiɗar ta yi kauri za ta tsage duk da haka. PVA kuwa zai cike ramukan da ke tsakanin ƙwayoyin, ya sauya yadda haske ke ratsa shimfiɗar. In haske za ki auna, ki tuntuɓi malaminki tukuna.

Mai tambaya: Haske zan auna kuwa, Malam. Gobe zan fara da tsinkawar. Yaya, sau nawa kika shafa kafin ya kai kaurin da kike so?